Kwana Uku Ana Gasa Naman da Ba Ya Ji

Likitan da ya yi mini aiki ya ceci raina, kuma ya cuce ni. Duka biyun gaskiya ne, ba zan janye ko ɗaya ba. Ranar da za a sallame ni, maimakon ya tsaya a kaina ya gaya mini yadda zan kula da jikina, sai ya ja mijina, Malam, baranda ya gaya masa. Duburata aka cire, ba ta Malam ba. Maganar da ba ta fi ta minti biyu ba ita ta ƙara mini wata huɗu a kwance.

Na ce dubura, kuma zan sake faɗa. Wadda kunya za ta hana karantawa ta miƙa wa wata ta karanta mata.

Sunana Uwani. A Dugabau ta ƙasar Kabo aka haife ni, aure ya kawo ni Gwarzo. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da muciya.

Ciwon ya faro kamar na kowa: ƙaiƙayi, ɗan jini a bayan gida, sai wani tsiro kamar ƙwayar wake. Kowa ya ce basir ne. A ƙasar nan duk abin da ya ɓullo ta ƙasa basir ne har sai ya kashe mutum. Na sha saiwa, na sha sassaƙe, na sha na mai lasifika ranar kasuwa. Shekara guda ina wannan wauta. Da aka kai ni wani babban asibiti a Kano aka yanki ɗan nama aka auna, aka ce ciwon daji ne. Aka tura ni wani gari mai nisa aka ƙona shi da hasken inji, aka yi ta ƙara mini ruwan nan mai sa amai. Ya ɓace, na koma kan kaskona. Bayan shekara ɗaya da rabi, wata safiya ina tsarki, yatsana ya taɓa shi. Yana nan daidai inda yake da, kamar baƙon da ya fita ya dawo ya tarar ba a naɗe tabarmarsa ba.

Muka koma Kano. Layin ganin likita tun asuba ake ajiye kati, ni kuwa benci ya gagare ni, a tsaye na yi zuwa ƙarfe uku kafin a kira sunana. A wannan karon, gaskiya, likitan ya yi mini bayani baki da baki, har da zane a takarda. Ya ce ba a ƙona wuri ɗaya sau biyu. Sai dai a cire duburar gaba ɗaya da abin da ke kewaye da ita. Ramin da zai rage ya kai dunƙulen hannu, fatar gefensa kuma hasken inji ya riga ya cinye ƙarfinta, in aka ja aka ɗinke ba za ta kama ba. Saboda haka za su yanko fata da tsoka daga gefen cikina na dama, ba za su raba su da jijiyar jininsu ba, su zura su ta ciki su toshe ramin. Ya ce sunan abin filaf.

Na ce, "Faci ke nan."

Ya yi dariya. "Faci ne, Mama, amma mai rai. In ya rayu kin warke. In ya mutu, rami ne a buɗe, kuma ba mu da wani cikin da za mu sake yankowa."

"Bayan gida fa?"

Ya nuna hagun cibiyata. "Ta nan, cikin jaka. Har iya rayuwa."

An sayar da abin da aka sayar, 'yan'uwa sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Ba shi na zo faɗa ba.

Wadda ta yi jinyata yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya Dije, ungozoma ce a Dugabau. Ta bar gyaɗarta a gona lokacin cira ta biyo ni. Ku riƙe wannan kafin ku ji sauran: babu mahaluƙin da ya wahala a kaina kamarta.

Makon farko ba zama, ba rigingine. Gefen dama, sai gefen hagu, duk bayan awa biyu a juya ni kamar waina, kuma Yaya Dije ce mai juyawar. Robobi uku na fita daga jikina. Nas-nas kan zo su ɗaga zane su taɓa filaf ɗin da bayan hannu. Wata doguwa a cikinsu, wadda muke kira Sista kawai, takan zo da 'yar allura ta soka, ta tsaya tana kallo.

Na ce, "Sista, me kike nema a nan kullum?"

Ta ce, "Gaishe shi nake yi, in ga ko zai amsa. In jini ya fito ja, ya amsa."

Ban taɓa jin allurar ba. Na ɗauka maganin kashe zafin da ake ba ni ne. Ban tambaya ba, ba wanda ya gaya mini.

A kwana na biyar na tambayi inda aka kai abin da aka cire. Aka ce yana cikin kwalba a ɗakin awo. Yaya Dije ta riƙe haɓa ta ce, "Ba a binne ba?" Na kwanta ina kallon bango da rana tsaka, ina tunanin ga wani sashe nawa ya riga ni tafiya, ba wanka ba likkafani, yana zaune a kan kanta a wani ɗaki na ginin nan da lamba a jikinsa.

Mako na biyu aka tsayar da ni. A nan wani abu ya fara wanda har yau bai bar ni ba. Ina cikin takawa a hankali bayan azahar, sai na ji bayan gida ya matse ni, sosai, yadda na san shi shekara hamsin. Na ɗauki buta na nufi ban ɗaki. Sai da na kama ƙofar na tuna. Babu hanya. An toshe. Amma abin yana nan yana turowa, kamar mutum a cikin ɗakin da aka liƙe ƙofarsa da bulo, yana ƙwanƙwasawa daga ciki. Sista ta same ni a tsaye da buta a hannu. Ta karɓa ba ta yi dariya ba, ta ce jiki ne bai sami labari ba tukuna. Ita ce kuma ta koya mini canza jaka da hannuna, ta sa na maimaita har na daina kawar da kai. Allah ya yi mata albarka duk inda take.

Mako na uku na ce sai na gani da idona. Yaya Dije ta ciro ɗan madubin da take sa kwalli da shi ta riƙe mini ta baya, na karkato da kai. Muna 'yanmata wanzami ya yi mana jarfa a gefen cibiya, ni da ita, layi uku na ɗige-ɗige. To ga su can. Jarfata ce, layi ukun nan cif, a kwance a karkace, tsakanin ɗinki biyu, a wurin da ba a taɓa yin su ba. Na shafa cikina, babu su, sai dogon ɗinki.

Yaya Dije ta ce, "La'ilaha! Kwalliyar da aka yi don miji ya gani, ga ta ta yi hijira inda ba mai gani."

Na yi dariya har ɗinkin cikin ya ja ni na yi salati.

Ranar sallama likita ya shigo a gurguje da ɗalibai a bayansa, yawancinsu maza. Ya duba, ya ce masha Allah, filaf ya kama. Sai ya yafito Malam suka fita. Ta taga ina ganin bakin likitan yana motsi, Malam yana gyaɗa kai yana kallon takalminsa. Aka ba mu takarda da Turanci. Ni kuwa bokona na Hausa ne.

Da ya dawo na ce, "Malam, me ya ce?"

Ya dubi Yaya Dije da ke naɗe kaya, ya dubi ƙasa. "Ya ce a kula da wurin sosai. Kuma kada ki zauna."

Wannan ai na sani.

Mako na huɗu ina gida Gwarzo. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, har daga Madadi da Sabon Birni. Malam ya gaya wa kowa aikin ciki aka yi mini. Sai su shigo su same ni a kwance a gefe ɗaya, su gaishe ni suna kallon rufin ɗaki, su ce ya jiki, ya ƙarfin jiki, Allah ya sa kaffara ne. Wata ta ce zuma, wata ta ce man kaɗanya, wata ta ce a shafa toka mai laushi. Duk na kore su da shawararsu, don na ci wuyar shawara tun zamanin basir.

Amma ban kori ta Yaya Dije ba. Haihuwa bakwai na yi, ita ta yi mini wankan jego a dukkansu, biyu har da ƙari da ɗinki, kuma ko ɗaya bai yi ruwa ba. Da ta ce, "Uwani, ɗinki ɗinki ne. Ɗinkin da bai sha wuta ba ruwa yake tarawa," ban ga abin musu ba. Tunda an hana ni zama a baho, ta ce da tsumma za ta gasa mini, kwana bakwai, kowace safiya.

Sai na gaya muku yadda take aikinta, don a nan abin yake. Tafin hannun Yaya Dije ya mutu da zafi tun tuni, tana iya ɗaukar garwashi ta mayar murhu. Saboda haka ba da hannunta take auna ruwa ba, da bakin mai jego take aunawa. Takan fara da mai ɗumi, ta riƙa ƙara tafasasshe, har sai mace ta ce wash ta zabura. Nan ne ma'auninta, a nan take tsayawa. Shekara talatin tana haka ba ta taɓa ƙona kowa ba.

Ranar farko Malam na fita shago ta ɗora babbar tukunya, ta zuba bagaruwa. Na kwanta a gefe a kan tabarma a bayan ɗaki. Na ji ƙarar matse tsumma, na ga tururi ya wuce ta kaina. Na ji an danna ni, can nesa, kamar ana danna katifar da nake kai.

"Ya yi?"

"Ban ji komai ba, Yaya."

Ta ƙara. "Yanzu fa?"

"Shiru."

Ta ƙara. Da ta gaji ta ce gobe ma rana ce.

Rana ta biyu ba ta sirka sosai ba. Ina kwance ina kallon kaji suna tsattsagar ƙasa, hankalina kwance, har gyangyaɗi na yi. Tana ninke tsumman daidai faɗin facin, don ita mai tsabtar aiki ce, ba ta bari ya taɓa gefe. Ta ce, "Ke dai tun kina yarinya taurin rai gare ki. Na gasa mata ba adadi, ban taɓa ganin wadda ta yi barci a hannuna ba." Na ji daɗin yabon. Wallahi na ji daɗinsa.

Rana ta uku daga tukunya ta tsoma kai tsaye. Tana ɗagowa, ɗigo ɗaya ya kuɓuce ya faɗo mini a bayan cinya.

Ihun da na yi sai da kajin suka watse. Ɗigo ɗaya. Kafin in gama salati wurin ya tashi ya yi bororo.

Tsumman yana hannunta yana tururi. Ni ina kallon bororon, ita tana kallon inda ta kwana biyu tana dannawa. Gidan ya yi tsit, har ina jin tukunyar tana tafasa a can.

Na ce, "Ɗauko madubin."

"Bari ya huce tukuna."

"Yaya, ɗauko madubin."

Ta ɗauko. Layin jarfa na sama yana nan. Na tsakiya ya kumbura ya yi ruwa. Na ƙasa babu shi, fatar wurin ta yi fari-fari, toka-toka, kamar naman da aka tsame daga romo. Kuma ko ɗis ban ji ciwo ba. Da ma ciwo ne da na san abin yi. Jikina ne, ina kallonsa ya dahu, shi kuwa bai ce mini komai ba.

Na sa ta kawo allurar ɗinki, na sa ta ƙona bakinta a wuta, ta bari ta huce. Na ce ta soka a sama, kamar yadda Sista ke yi. Jini ya fito ja. Na ce ta soka a ƙasa. Ta soka. Muka jira. Ta sake sokawa. Ba abin da ya fito.

Na ce, "Bai amsa ba."

Sai ga Yaya Dije ta miƙe tana gyara ɗaurin zane, muryarta ta koma ta ungozoma. "Mugun jini ne ya taru, shi ya sa. Haka yake yi kafin ya saki. Abin da na sani shi ne ba a fasa gashi a tsakiya, wurin ruɓewa yake. Sai an cika bakwai." Ba ƙeta ba ce. Ta gaskata abin da take faɗa, kuma tsoro ya sa ta ƙara riƙe shi da ƙarfi.

Malam ya dawo bayan la'asar. Na aiki Yaya maƙwabta karɓo mini lalle, don in same shi shi kaɗai. Na ce ya zauna, na ce ya maimaita mini abin da likita ya faɗa a baranda, kalma kalma, in ya rage ɗaya Allah ya isa.

Ya daɗe yana murza hularsa. Sannan ya ce, "Ya ce naman ba ya ji. Ba zai ji zafi ba, ba zai ji sanyi ba, wataƙila har abada. Ya ce kada a kusantar da ruwan zafi ko wuta, ko da wasa. Ya ce ya san al'adar matanmu, shi ya sa yake ja mini kunne."

"Ka ga tukunya a tsakar gida?"

"Na gani."

"Ka ji ƙanshin bagaruwa?"

Ya ci gaba da murza hularsa.

"Malam, da kai nake."

"Na ji. Uwani, ta yaya zan tsaya gaban Yaya, babbar yayarki, in kama sunan wurin nan? Na yi ta cewa gobe zan sami hanyar da zan faɗa. Na ce ai ita ungozoma ce, ta fi ni sanin mata."

Na ce, "Shekara talatin da ɗaya kana kwana da ni, 'ya'ya bakwai, yau kuma ni ce ba ka iya gaya wa?"

Ya share ido da hannun riga. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, shi ya yi ta zarya Kano har ya rame. Na gaya masa abin da madubi ya nuna, na ce mu koma asibiti gobe. Sai ya ciro katin asibiti daga aljihu ya nuna mini da yatsa, ya ce ga ranar komawa an rubuta, saura kwana tara, in muka je kafin nan ba za su saurare mu ba, kuma me za mu ce musu ya faru? A bari ranar ta zo.

Ke da za a yi wa irin wannan aiki, ko ke mai jinyarta, ji nan. Naman da aka ɗauko daga wani wuri aka dasa ba ya kuka. Kada ki jira ya gaya miki. Ba ruwan zafi, ba tsumma, ba kaskon wuta a ƙarƙashin gado. Ki duba shi da ido kullum, ko da madubin kwalli ne. Kuma kada ki bar asibiti sai an faɗa miki komai a kunnenki, da Hausa, ko ɗalibai ɗari ne a tsaye. Ni an yanke gefen da ya mutu, sama ya rayu, aka yi wata huɗu ana wanke rami ana cusa auduga har ya cike. Likitan ya ce da na kai kwana taran nan, ko kuwa da an cika bakwai ɗin, da babu abin da zai tarar. Da na gaya masa laifinsa a gaban ɗalibansa, bai musa ba.

Amma a yammacin nan ban san ko ɗaya daga wannan ba. Abin da na sani, mutum biyu da suka fi kowa ƙaunata, ɗaya na cewa a ci gaba, ɗaya na cewa a jira.

Da gari ya waye, ina idar da salla a tsaye, na ji ana karya itace. Na dafa bango na fito. Tukunyar na kan murhu, ta fara tururi, Yaya Dije na tsugune tana ninke tsumma, idonta jawur.

Ta ce, "Sai an cika bakwai, Uwani. Ki yarda da ni."

Na ce, "Na yarda. Amma auna mini tukuna. Ba da tafin hannu ba. Sa gwiwar hannunki."

Ta dube ni. Ta naɗe hannun riga, ta sunkuya ta taɓa ruwan da gwiwar hannu. Ba ta yi ihu ba, ita ba ta ihu. Sai dai ta fizge, ta zauna daɓas a ƙasa, ta riƙe wurin tana kallon tukunyar kamar yau ta fara ganinta.

Ba na iya sunkuyawa, don haka da ƙafa na janye itacen, ɗaya bayan ɗaya. Na ƙwala wa Malam kira. Na ce ya je tasha ya samo motar Kano, kujerar baya gaba ɗaya, don kwanciya zan yi ba zama ba.

Ya ce, "In direba ya tambayi dalili fa?"

"Ka turo shi wurina. Ni zan gaya masa, da sunan wurin."

Yaya Dije ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da mayafinta da nawa. A mota ita ta shiga farko ta zauna a ƙurya, ta ɗora kaina a cinyarta. Muka bar Gwarzo tukunyar na tururi a tsakar gida, ba wanda ya sauke ta.